Garma kafin gudu: yadda na koyi zamiyar ƙanƙara a dutsen Erjiyes

Tambayar farko da mai shagon hayar kaya ya yi mini ita ce kilo nawa ne nauyina. Na ɗauka zolaya ce, na yi dariya. Shi bai yi ba. Ya sake tambaya, ya ƙara da tsawona, da shekaruna, da ko na taɓa hawa ƙanƙara. Na ce kilo 71, kuma ban taɓa ba. Sai ya ɗauki sukurdireba ya murɗa wani kusa a jikin maƙalin da ke riƙe takalmi a kan allon zamiya, na gaba da na baya, har wata 'yar alama ta tsaya a kan lamba 5. Ya ce ranar da na faɗi, wannan maƙalin ne zai saki takalmina kafin ƙashin ƙwaurina ya karye. In ya ɗaure da yawa, allon ba zai rabu da ni ba, ƙafa ce za ta biya kuɗin. In kuma ya sassauta fiye da kima, allon zai suɓuce ya bar ni a tsakiyar gangara.

Ban ko taka ƙanƙarar ba, an fara lissafin faɗuwata. A duk shirye-shiryen yawon buɗe ido da na kalla a talabijin, ban taɓa ganin wannan sukurdireban ba.

Karatun digiri na biyu ne ya kai ni Kayseri a ƙarshen 2021. Garin na tsakiyar Turkiyya, kuma duk titin da ka bi, in ka ɗaga kai, dutsen Erjiyes na kallon ka. Tsayinsa mita 3,917, tsohon dutse ne mai aman wuta da ya daɗe da yin shiru, kuma da sanyi ya kama sai ya naɗa farin rawani. Ni da na tashi a Zariya, abin da na sani na dutse shi ne Kufena, na zamiya kuwa sulun da muke yi muna yara a kan fasasshiyar jarka, mu dawo gida wando ya yage mu sha faɗa. Sauran ilimina duk a talabijin na same shi. Kowa ya san irin shirin. Mai gabatarwa ya tsaya a ƙolin dutse, sama shuɗiya garau, ya yi murmushi ya ja tabarau, kiɗa ya tashi, sai ga shi yana lanƙwasawa hagu da dama, ƙanƙara na tashi a bayansa kamar ana sheƙe garin tuwo. Minti biyu ya iso ƙasa, an miƙa masa shayi mai tururi. Na kalli irin wannan ya fi a ƙirga, har na yanke hukunci cewa abin bai wuce ka tsaya a kan katako biyu ka bar gangara ta yi aikinta ba. Mu da muka hau babur mara birki a Sabon Gari, wannan kuma mene ne?

Wani abokina ɗan Maraɗi, wanda ya riga ni zuwa da shekara biyu, shi ya raka ni wata Asabar ta watan Janairun 2022. Daga gari zuwa ƙofar Tekir, inda yawancin 'yan koyo ke farawa, kusan kilomita 25 ne, mota na hawa tana hawa har tsayin mita 2,200 ko kusa da haka. Da muka sauka, iskar da ta mare ni ta sa na daina kiran abin da muke yi a gida sanyi. A hanya na ce masa ba na buƙatar malami. Ya dube ni ya ce, "Mutumina, mai rabon shan duka ba ya jin bari, amma ni dai ba zan ɗauko gawarka ba. Ka biya kuɗin darasi."

Takalmin ya fara karya mini lago. Roba ce mai tauri kamar bokiti, da maɓallan ƙarfe huɗu, an ƙera shi yadda zai karkata ƙwaurinka gaba ya hana idon sawu motsi. Saboda tsoron sanyi na sa safa biyu masu kauri, na kuma cusa ƙafar wandona a ciki. Mai shagon ya sa na cire duka. Safa ɗaya, doguwa, mara kauri, kuma kada komai ya naɗe a tsakanin fata da takalmi, don ƙaramin ƙulli kan zama miki kafin la'asar. Daga shagon zuwa filin koyo bai fi taku 200 ba, amma da alluna biyu a kafaɗa, da sanduna biyu a hannu, da wannan takalmi, tafiya nake kamar wanda aka sa wa mari. Na isa ina gumi a cikin sanyin da ke daskarar da ruwa.

Malamin dattijo ne mai kimanin shekara 50, fuskarsa ta ƙone da rana sai inda tabarau ke rufewa. A Turkiyya ana ce wa malami Hoja, haka na riƙa kiran sa, shi kuma yana ce mini kardeshim, wato ɗan'uwana. Abin da ya fara yi shi ne karɓe sandunana ya soke su a gefe. Ya ce ɗan koyo in ka bar masa sanda, birki zai mayar da ita, kuma sanda ba ta tsayar da kowa, sai dai ta soke shi a ciki. Sa'a guda cur ba mu hau ko'ina ba. Allo ɗaya a ƙafa, ina ture kaina da ɗaya ƙafar kamar yaro a kan keken katako. Sai allo biyu. Sai hawa 'yar gangara a karkace, taku-taku kamar ƙaguwa, ina kafa gefen allon a cikin ƙanƙara. Gefen nan ƙarfe ne mai kaifi da ya bi tsawon allon, kuma daga baya na gane duk sana'ar a kansa take.

Sannan ya koya mini faɗuwa. Da gangan. In za ka faɗi, ka faɗi a gefe, ɓangaren tudu, kada ka zauna a kan bayan allunan, don za su ci gaba da gudu da kai gwiwa na murɗewa. In za ka tashi, ka fara juyo da allunan su koma ƙasa da jikinka, su gitta gangarar, in ba haka ba kana miƙewa za su tafi da kai. Na faɗi sau biyar bisa umarni. Sauran faɗuwar ranar kuwa ba wanda ya umarce ni.

Darasin gaske shi ne abin da Turkawa ke kira kar sapanı, ma'anarsa garmar ƙanƙara. Ka haɗa kawunan allunan a gaba, saura kaɗan su taɓa juna, ka buɗe bayansu, su yi siffar bakin garma, ka ɗan matse gwiwoyi ciki don gefunan ciki su kama. Kana ƙara buɗe dugadugai kana rage gudu. Kana ƙara buɗewa sai ka tsaya. A baki ke nan. A aikace, da zarar allunan sun fara zamewa sai jikina ya yi abin da ya saba yi tun ina rarrafe: ya ja baya, ya guje wa gangarar. Ina ja baya kuma sai gudun ya ƙaru, allunan su daina jin magana, kawunansu su harɗe, sai ƙasa.

Hoja na gabana yana sauka da baya, hannayensa a bayansa kamar mai yawon shan iska, yana ta ƙwala mini, "Gaba, kardeshim, gaba!" Da ya ga abin ya ƙi, sai ya zaro takardar lira daga aljihu, ya ninke ta, ya cusa tsakanin ƙwaurina da harshen takalmin, rabinta a waje. Ya ce muddin ƙwaurina na danne da ita, ba za ta faɗi ba. In na ja baya ta faɗi, ni zan biya shayi. Sau uku na biya shayi a ranar.

Sai da na kwanta da dare, cinyoyina na zogi, na fahimci dalilin. Duk wanda ya taɓa ganin ɗan acaɓa ya labta buhu uku a bayan babur ya san abin da ke faruwa: tayar gaba ta yi sakayau, kan babur ya daina bin hannunsa. Haka allon zamiya yake. Gabansa ne ke fara kama ƙanƙara ya ja sauran zuwa kwana, in ka zauna a baya ka ɗauke masa nauyi, ka zama fasinja. Wahalar ita ce gaban nan da ake cewa ka karkata, shi ne inda ramin yake. Ana so ka miƙa ƙirjinka wajen abin da kake tsoro, kuma babu wata gaɓa a jikinka da ta yarda da wannan shawara.

Kwana ma haka take, a juye. In kana so ka yi hagu, ƙafar dama za ka danna. In dama, ƙafar hagu. Ƙafar da ke wajen kwanar ita ke ɗaukar nauyi, ta cikin kuma ta bi ta a hankali. Ni kuwa sai in karkata kafaɗa wajen da nake so in je, kamar mai tuƙa keke, nauyi ya koma ƙafar ciki, ta waje ta zame, sai in tsinci kaina a kwance ina kallon sama. Hoja ya sa na ɗora hannayena biyu a kan gwiwar waje duk lokacin da zan juya. Abin ya yi kama da wasan yara, amma a karo na huɗu ko na biyar sai na ji allon dama ya kama, ya ja ni zuwa hagu da kansa, ba tare da na murɗa komai ba. Na yi ihu da Hausa. Ya kuma hana ni kallon ƙafafuna. Ya ce inda ido ya je nan jiki ke bi, shi ya sa ɗan koyo da ya ƙura wa turken fitila ido don gudun kada ya buge shi, shi zai je ya runguma.

Wani abin da ba a gaya maka shi ne kwana ita ce birkin gaskiya. Kowace gangara tana da layin da ruwa zai bi in ka zuba shi, wato hanya mafi saurin zuwa ƙasa. Duk lokacin da allunanka suka fuskanci wannan layi, gudu na ƙaruwa. Duk lokacin da suka gitta shi, gudu na raguwa. Lanƙwasar nan da nake gani a talabijin ina ɗauka yanga ce, ashe mutumin rage gudu yake yi a kowace kwana. Rabin kowace kwana kuma dole ka bi ta wannan layin, ka ji gudun ya taso, ka daure har allunan su zagayo. Wannan daƙiƙa ɗaya ita ta ci mini Asabar biyu.

Sallah ma sai da na koyi dabararta. Cire takalmin nan don alwala, da yatsun da sanyi ya sandarar, sannan mayar da shi, aiki ne na minti goma sha biyar. Daga mako na biyu na koma yin alwala tun daga ɗaki, in kuma kiyaye yawan shan shayi. Fuskata kuwa ta ƙone, ni da nake taƙama baƙar fata ba ruwanta da rana. Sabuwar ƙanƙara na iya mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata, ga shi kana kan tudu inda iska ba ta da kauri. Leɓena ya tsage fiye da yadda hunturun Zariya ya taɓa tsaga shi.

A mako na uku na samu ranar Talata babu aji, na bi motar farko. A ranar na ga yadda ake dafa abin da na shekara ina ci. Wasu masu ɗaukar shirin yawon buɗe ido ne, su kusan takwas, da mai gabatarwa mace cikin jar riga mai ƙyalli. Sun riga kowa hawa. Da daddare manyan motoci masu sarƙa kan bi gangaren su daddaɓe ƙanƙarar su bar ta da layi-layi kamar an share tsakar gida da sabuwar tsintsiya, to wannan shimfiɗar suke so kafin ƙafafun jama'a su ɓata ta. Sun kuma jira rana ta fito sosai. Abokina ya ce ranar da hazo ya sauko, ba ka ganin ko kan allonka, irin waɗannan a otal suke yini.

Na tsaya a gefe ina kallo. Matar ta yi maganarta a gaban kyamara sau huɗu, ta ja tabarau, ta tura kanta ta zame kamar mita biyar. Garma take yi, irin tawa sak, har da ɗan ja da baya. Wani mutum da ke tsaye inda kyamara ba ta kai ba ya tare ta. Aka ce ya isa. Sai ta cire jar rigar da hular kwano ta miƙa wa wata budurwa mai koyarwa a wurin, mai tsawo ɗaya da ita. Budurwar ta sa, ta rufe fuska da tabarau da ƙyallen wuya, ta hau sama. Ita ta sauko, sau shida, jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi na bin ta a sama, wani mai kyamara kuma na gabanta yana sauka da baya, bai ko riƙe sanda ba. A cikinsu duka shi ya fi kowa iyawa, kuma shi ne ba za a taɓa gani a shirin ba. A ƙarshe aka mayar wa mai gabatarwa rigarta, aka tsayar da ita a gindin gangara, wani ya ɗebi ƙanƙara ya watsa mata a gwiwa da kafaɗa, ta ɗage tabarau tana haki tana dariya.

Ban ga laifin matar ba. Aikinta ta sa mutum ya yi sha'awar zuwa, kuma ga shi ni ma irin aikinta ne ya kawo ni. Ba kuma duk masu gabatarwa ke yin haka ba, akwai waɗanda tsofaffin 'yan tsere ne, da ƙafarsu suke saukowa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mita biyar ɗin nan nata na garma, waɗanda na tabbata za a yanke. Su ne kaɗai ɓangaren da ya shafi mai kallo irina, da a ce an bar su da na san abin da ke jira na. Na gaya wa Hoja abin da na gani. Ya ɗaga kafaɗa ya ce ai tun fil'azal haka abin yake. Hannes Schneider, mutumin Ostiriya da ya tsara koyarwa a garin Sankt Anton, daga garma zuwa rabin garma zuwa alluna a jere, wanda har yau tsarinsa ne ƙashin bayan darasin 'yan koyo, shi kansa ya fito a finafinan tsaunuka na Jamus a shekarun 1920. Finafinan suka cika masa makaranta da ɗalibai, ɗaliban suka zo suka tarar da garma.

A wannan makon ne Hoja ya ce na isa hawa kujerar da ke tafiya a kan igiya. Hawa ba wuya, kujera ce ke zuwa ta ɗauke ka ta baya. Sauka ce matsala, don ba ta tsayawa. Za ka miƙe ne tana tafiya, ka zame gaba, ka ba na bayanka wuri. Na miƙe a makare, na riƙo rigar wani bawan Allah da ke gefena, muka zube tare. Mai kula da injin ya tsayar da igiyar gaba ɗaya, mutum fiye da ɗari na rataye a sama suna jiran in tattara kaina. Mutumin da na kayar ya miƙo mini hannu, ya ce geçmiş olsun, irin sannun da suke yi wa wanda ya yi haɗari ko ciwo. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Hanyar da za mu sauko mai alamar shuɗi ce, wato mai sauƙi. A ƙa'idar da ake bi a Ostiriya da Jamus, shuɗiyar hanya ba ta wuce gangarar kashi 25 cikin 100, ja ba ta wuce kashi 40, abin da ya haura haka baƙa ce. Kashi 25 na nufin a kowace mita 100 da ka yi gaba ka sauka mita 25, kusan digiri 14 ke nan. A takarda ba komai ba ne. Da na tsaya a bakinta na leƙa, sai na ga kamar daga saman bene ake cewa in taka. Kayseri na can ƙasa kamar an zuba tsakuwa a faranti. Gwiwoyina suka fara kaɗawa da kansu. Hoja bai ce mini kada in ji tsoro ba. Ya ce in daina kallon gari, in kalli inda zan yi kwana ta gaba kawai, shi zai shiga gaba in bi sawunsa. Kafin mu tashi ya maimaita mini dokokin hanya: wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai na baya kai za ka kauce masa, kada ka tsaya a matsatsi ko a bayan tudun da na sama ba zai hango ka ba, in za ka tashi ka fara duba sama. Saukar da gwanaye ke yi a minti huɗu ta ɗauke ni minti arba'in.

Abokina ya ɗauke ni a waya daga baya. Da muka zauna shan salep, wani abin sha mai kauri da madara da kirfa, ya nuna mini. Na kusa jefar da wayar. Gangarar da ta kusa fitar mini da rai ta fito a shimfiɗe kamar filin Idi, ga wani mutum a tsakiya ya buɗe ƙafafu yana rarrafe kamar mai tsallaka kwata. Na tura gida duk da haka. Ƙanina ya aiko da saƙon murya: "Yaya, ai tafiya kake yi. Ina zamiyar?" Umma kuwa cewa ta yi, "Kai da muka tura karatu, me ya kai ka wasa da ƙanƙara? Allah Ya tsare, amma ka sa hula."

Daga nan na fara lura da yadda kyamara ke cinye gangara. In mai ɗauka na sama ko na ƙasa da kai, kyamarar na kallon tsawon gangarar ne, sai ta kwantar da ita. Ƙanƙara fara ce fat, ba inuwa ba alama da ido zai auna zurfi da su. A Erjiyes ma abin ya fi muni, don hanyoyin babu itatuwa, ba wani abu a tsaye da za ka gwada da shi sai turakun igiya. In kuma mai kyamara na gudu daidai da kai, gudun ma ya ɓace. Sai an ɗauka daga gefe, turke ya fito a tsaye, sannan karkatar ke bayyana. A Kitzbühel ta Ostiriya, hanyar tseren da ake kira Streif tana da wani wuri mai gangarar kashi 85 cikin 100, kusan digiri 40, amma a talabijin sai ka ga kamar kai ma za ka iya. Sauti ma ana cire shi. A shiri kiɗa kake ji. A kan dutse, in ƙanƙara ta daskare da safe, abin da kake ji shi ne ƙarar ƙarfe na kankare ta, ƙarrr, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya, da numfashinka a cikin ƙyallen wuya.

A watan Fabrairu aka yi gasar Olamfik ta hunturu a Beijin, muka taru a ɗakin abokina muna kallo saboda akwai ɗan Najeriya, Samuel Ikpefan, a tseren dogon zango na kan ƙanƙara. Kafin shi, a 2018, 'yan matan Najeriya sun je Koriya ta Kudu da keken ƙanƙara. Lamine Guèye na Senegal ya yi tseren gangara a Olamfik ɗin Sarayebo tun 1984, Kwame Nkrumah-Acheampong na Gana kuma ya yi a Bankuba ta Kanada a 2010, shi da ya fara koyo a wani rufaffen ɗakin ƙanƙara a Ingila yana babba. A da in na ga irinsu a ƙarshen jeri sai in yi tsaki. A wannan karon da aka nuna masu tseren gangara, ba na kallon fuska ko tuta, ƙafar waje nake kallo, da yadda ƙugunsu ke kusan shafar ƙasa amma kafaɗunsu na fuskantar gangara. Na kuma san cewa na ƙarshen cikinsu ma ya yi mini nisan da ba zan taɓa cimma ba.

Fita daga garma ta zo a hankali, ba a rana ɗaya ba. Da farko ina buɗe garma in shiga kwana, in haɗe allunan a ƙarshenta. Sai garmar ta riƙa ƙanƙancewa. Hoja ya sa na yi ta zamewa a karkace, alluna a jere sun gitta gangara, in kwantar da su su zame ƙasa, in kafa gefe su tsaya, in sake, in kafa, har idon sawuna ya gane bambancin ba tare da na yi tunani ba. Ya dawo mini da sandunana, ya nuna mini yadda ake ɗan taɓa ƙanƙara da tsininsu a farkon kowace kwana, kamar mai kiɗa na riƙe lokaci. A faɗuwata ta farko da su babban yatsana ya lanƙwashe a jikin sandar, ya yi sati biyu a kumbure. Rubutu ma da ƙyar.

Ya kuma nuna mini wani abu a jikin allon da ban kula da shi ba. Yana da faɗi a kai da wutsiya, ya tsuke a tsakiya, an rubuta mita 14 a gefe. Tun shekarun 1990 aka koma ƙera alluna da wannan siffa sosai. In ka karkata allon a kan gefensa ka danna tsakiyarsa, sai ya lanƙwashe kamar baka, ya yanka da'ira da kansa, kuma lambar nan ita ce ke nuna girman da'irar. Wanda ya iya haka sawunsa layi biyu ne sirara kamar na reza. Mu sauran muna goge ƙanƙara ne da wutsiyar allo, sawunmu kamar an ja buhu. Na tambaye shi yaushe zan kai ga layin reza. Ya ce in dawo baɗi, da baɗin baɗi, sannan mu yi maganar.

Ranar ƙarshe a watan Maris ce, ƙanƙara ta fara laushi da rana. Na sauko shuɗiyar hanyar nan ni kaɗai sau bakwai, na bakwai ban buɗe garma ba sai a bakin layin kujera. A tsakiyar hanya na wuce wani saurayi da ya zauna a kan bayan allunansa, idanu a waje, malaminsa na gabansa yana ƙwala masa abin da aka ƙwala mini. Na ba shi fili sosai, don na san ba shi ke tuƙi ba.

Da safiyar ranar, da na je karɓar kaya, mai shagon ya gane ni. Ya tambayi nauyina, na ce yana nan 71. Ya tambaya ko har yanzu garma nake yi. Na ce na fara haɗe ƙafa, amma a shuɗiyar hanya kawai. Ya kalle ni na ɗan lokaci, kamar mai auna ko cika baki nake, sannan ya ɗauko sukurdireba ya murɗa kusan har alamar ta matsa daga 5 zuwa 6. Ya miƙo mini allunan ya ce na gaba ya matso.